Isearch na Emacs: bincike mai saurin gaske, amma sai ka san halinsa

Wanda ya saba da Word ko Notepad, in ya buɗe manhajar gyaran rubutu ta GNU Emacs ya danna Ctrl da s, zai ɗauka ya adana fayil. Bai adana komai ba. Abin da zai gani a layin ƙasan taga shi ne "I-search:", wato manhajar tana jiran ya fara rubuta abin da yake nema. Adana fayil a Emacs C-x C-s ne. A rubutun masu Emacs, C na nufin Ctrl, M kuma na nufin Alt, haka za a bi a nan.

Isearch bincike ne na harafi bayan harafi. Ba a jiran ka gama rubuta kalma ka danna Enter. Kana buga g, tsinken rubutu, wato ɗan sandan da ke nuna inda kake rubutu, ya yi tsalle zuwa g na farko da ke gabanka. Ka ƙara i, ya koma "gi" na farko. Kafin ka kai ga "gida" sau da yawa ka riga ka isa inda za ka. Dabarar ta tsufa, tun EMACS na asali da aka yi a MIT a shekarun 1970 take, kuma yau kusan kowace manhajar rubutu da burauza ta ɗauke ta. Sai dai ta Emacs ta sha bamban da sauran ta fuska ɗaya, kuma daga nan ne kusan duk abubuwan ban mamakinta suke fitowa: ba akwatin rubutu ba ce da kake cikawa. Yanayi ne da manhajar ke shiga, inda maɓallai ke canza ma'ana, kuma tana riƙe da jerin duk matakin da ka ɗauka tun da ka fara.

Hukuncin a taƙaice: wajen yawo cikin fayil ba tare da ɗaga hannu daga kibod ba, da wuya a samu wanda ya fi shi. Amma saitin da yake zuwa da shi na mutanen da suka riga suka san shi ne, sabon shiga kuwa zai yi tuntuɓe a wurare sanannu, ɗaya daga cikinsu ma yana iya cinye masa rubutu.

Maɓallin gogewa ba harafi yake gogewa ba

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa. A ce kalmar "gida" ta fito sau biyar a fayil. Ka danna C-s, ka rubuta gida, ka ƙara danna C-s sau biyu, yanzu kana kan ta uku. Sai ka so gyara harafin ƙarshe, ka danna Backspace don cire a. Harafin ba zai fita ba. Tsinken zai koma kan "gida" ta biyu. Ka sake dannawa, ya koma ta farko. Sai a dannawa ta uku a ɗin zai goge.

Dalili shi ne umarnin da ke kan wannan maɓalli, isearch-delete-char, mataki yake janyewa, kamar mai komawa baya yana bin sawun da ya taka. Buga harafi mataki ne, maimaita C-s mataki ne, jawo kalma sukutum da C-w ma mataki ɗaya ne, shi ya sa Backspace ɗaya ke cire kalmar gaba ɗaya. Idan an fahimci haka, abin yana da amfani ƙwarai: ka wuce wurin da kake so da dannawa ɗaya, Backspace ya mayar da kai. Wanda kuma harafin kawai yake son cirewa ba tare da komawa baya ba, tun siga ta 27 da ta fito a 2020 maɓallinsa C-M-d ne. A sigogin da suka gabace ta C-M-w ne, kuma wannan canji ya rikita masu tsohon hannu, domin yanzu C-M-w jawo suna daga cikin rubutu yake yi zuwa layin bincike. In gyaran ya fi harafi ɗaya, M-e ya fi sauƙi: yana buɗe abin da ka rubuta ka gyara shi yadda kake so, sannan C-s ko Enter ya ci gaba da nema.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala da ba a cika lura da shi ba. Ƙarin harafi daga inda kake tsaye yake ci gaba da nema, ba daga inda ka fara ba. Ka rubuta "ka", ka tsallaka sau huɗu, sannan ka ƙara i. Duk "kai" da ke bayanka an wuce su. Idan babu wata a gaba, sai ka ga "Failing I-search" alhali kalmar tana nan a sama.

C-g mai fuska biyu

C-g shi ne "fasa" a ko'ina cikin Emacs, amma a Isearch aikinsa ya danganta da halin da binciken ke ciki. In ana samun abin da ka rubuta, C-g ɗaya ya fasa komai ya mayar da kai inda ka fara. In kuwa binciken ya gaza, C-g na farko wutsiyar da ba ta dace ba kawai yake yankewa, wato ɓangaren da aka shafa wa ja a layin ƙasa, ya bar ka cikin binciken. Sai na biyu ya fitar da kai. Mutum ya danna sau ɗaya, ya ɗauka ya fita, ya ci gaba da rubuta jimlarsa, ashe duk cikin layin bincike take shiga. ESC sau uku yana fitarwa kai tsaye ko wane hali ake ciki.

Wani abu kuma: binciken da aka fasa ba ya shiga tarihi. C-s C-s yana maimaita nema na ƙarshe, M-p da M-n suna yawo cikin goma sha shida na baya, amma wanda ka fasa da C-g ba ya cikinsu. In ka sha wahalar rubuta dogon abu kuma za ka sake bukatarsa, fita da Enter, sannan ka koma mazauninka da C-u C-SPC (SPC shi ne maɓallin tazara). Enter yana barin ka a kan abin da aka samu, ya dasa alama a inda ka taso, har ya rubuta "Mark saved where search started". Enter a kan layin da ba a rubuta komai ba kuwa ba fita yake ba, yana juyawa ne zuwa bincike irin na gargajiya mai jiran a gama rubutu.

Inda haɗarin yake

Duk maɓallin da Isearch bai san shi a matsayin nasa ba, yana rufe binciken sannan ya aiwatar da shi. An yi haka da gangan: ka nemo kalma, ka danna C-a ka koma farkon layin, ko C-k ka yanke, ba sai ka danna Enter ba tukun. Ga gwani wannan sauri ne. Amma maɓallan kibiya ma haka suke, C-v na gangarawa shafi ma haka. Hannu ya taɓa kibiya, binciken ya rufe shiru, abin da kawai ya canza shi ne layin ƙasa da launin da ya ɓace.

To a nan ne abin yake zama ɓarna. Cikin bincike C-w na nufin "jawo kalma ta gaba cikin abin da nake nema". Wajen bincike C-w na nufin "yanke duk abin da ke tsakanin alama da tsinke". Alamar kuwa Isearch ya riga ya dasa ta a inda ka fara. Saboda haka kibiya ɗaya bisa kuskure, sai C-w, kuma duk rubutun da ke tsakanin farkon tafiyarka da wurin da ka tsaya ya tafi, ko da shafi goma ne, ba tare da an tambaye ka ba. C-/ yana dawo da shi nan take in ka lura. In ba ka lura ba har ka adana fayil ka rufe Emacs, sai dai kwafin ajiya. M-c ma haka: a ciki yana sauya kula da manyan baƙaƙe, a waje yana mayar da farkon kalma babban baƙi a cikin fayil ɗinka. Wannan, a ganina, shi ne aibi na gaske a tsarin, ba rashin sabo kawai ba. Bambancin "ina ciki" da "na fita" ya yi ƙanƙanta a ido idan aka dubi girman abin da yake iya jawowa.

Ana rage shi. Saita isearch-allow-scroll zuwa t, wato kunna shi, yana ba ka damar C-v, M-v da C-l ba tare da fita ba, sai dai ba zai bari abin da aka samu ya ɓace daga fuskar kwamfuta ba; ƙimar unlimited, wadda ta zo a siga ta 27, ta cire wannan takunkumi. Siga ta 28 ta 2022 ta kawo isearch-allow-motion, wanda ke sa M-< ya kai ka dacewa ta farko a fayil, M-> ta ƙarshe. Kibiyoyin dai suna nan suna fitarwa.

Manyan baƙaƙe da tazara

In duk abin da ka rubuta ƙananan baƙaƙe ne, Isearch ba ya bambancewa: "kano" zai kamo Kano da KANO. Da zarar ka sa babban baƙi ko ɗaya, ya koma mai tsanani, "Kano" ba zai ga KANO ba. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kuma tana aiki da Ƙ, Ɗ da Ɓ. Abin da ke ruɗarwa shi ne rubutun da aka jawo da C-w ko C-y: ana mayar da shi ƙananan baƙaƙe kafin ya shiga layin, don haka ka tsaya kan "Kano" ka jawo ta, za ka ga "kano" a ƙasa kuma binciken bai tsananta ba. Saitin search-upper-case ne ke yin haka. In tsanani kake so, danna M-c.

Tazara ɗaya a layin bincike tana dacewa da tazara ko nawa ne a jere, har da Tab. Mai neman wuraren da aka buga tazara biyu bisa kuskure zai sha mamaki, sai ya kashe sassaucin da M-s SPC. A sigogin baya-bayan nan kuma tazarar ba ta ƙetare ƙarshen layi, saboda haka "ina kwana" da ta rabu, "ina" a ƙarshen layi "kwana" a farkon na gaba, ba za ta fito ba. M-s w, binciken kalma-kalma, yana kamo ta, domin shi bai damu da layi ko waƙafi a tsakanin kalmomi ba.

Ƙarshen fayil da juyawa baya

Idan dacewa ta ƙare, Emacs yana yin ƙara ya rubuta "Failing I-search", ya tsaya. Sai ka sake danna C-s zai zagayo daga farkon fayil, layin ya koma "Wrapped". In ka wuce inda ka fara, ya zama "Overwrapped", wato yanzu maimaici kake gani. Tsayawar tana da hikima, tana gaya maka ka kai ƙarshe, amma kalmar "Failing" tana sa sabon shiga ya ɗauka kalmar babu ita sam. Tun siga ta 28, isearch-wrap-pause da ƙimar no yana zagayowa kai tsaye, no-ding kuma ya cire har ƙarar.

Juyawa ma tana cin dannawa ɗaya. Kana tafiya gaba da C-s, ka danna C-r don komawa, tsinken ba zai bar kalmar da kake kai ba, zai tashi daga ƙarshenta ya koma farkonta ne kawai. Sai C-r na biyu ya kai ka ta baya. isearch-repeat-on-direction-change, shi ma na siga ta 28, ya gyara wannan.

Abin da ya fi kowane saiti rage ruɗani shi ne isearch-lazy-count. Yana nuna lamba kamar 3/17 a layin bincike, ka san kana kan ta nawa cikin nawa. Ya zo a siga ta 27 kuma a kashe yake zuwa, abin da ban ga dalilinsa ba a kwamfutocin yau. A fayil mai girman gaske ƙidayar tana ɗan jinkiri kafin ta bayyana, amma ba ta hana ka ci gaba da bugawa.

Regexp

C-M-s ke buɗe bincike da regexp, wato nema da zubi na alamomi maimakon kalma tsantsa, ko M-r daga cikin na yau da kullum. A nan tsinke yana iya ja da baya kana cikin rubutu: ka nemi "rana", ka ƙara \|wata, sai ya koma sama idan akwai "wata" da ta riga "rana" zuwa. Daidai ne, domin sabon zubin ya dace da wuri mafi kusa. Buɗe [ ba tare da rufewa ba yana nuna "incomplete input", ba kuskure ba ne, jira yake. Nema ta baya kuwa ba madubin nema ta gaba ba ne. Ka tsaya bayan 2024 ka nemi [0-9]+ ta baya, 4 kaɗai zai kama, saboda yana neman mafarin da ya fi kusa da kai ne sannan ya karanta gaba.

Rubutun Hausa

Ga mai aiki da rubutun Hausa akwai magana ta musamman. Tun siga ta 25 ta 2016 Isearch yana da haɗa haruffa masu kama, ana kunna shi da M-s ' cikin bincike. Da shi, a zai kamo à da â, abin da ke taimakawa a rubutun ƙamus da nahawu mai alamun karin sauti. Yana kuma sa alamar ' ta kibod ta kamo mai lanƙwasa ’ da Word ke sakawa da kansa, saboda haka 'ya'ya da aka kwafo daga wata takarda za ta fito. Ba tare da shi ba, za ka ga kalmar da idonka a shafi, Emacs ya ce babu.

Amma k ba zai kamo ƙ ba, d ba zai kamo ɗ ba, haka b da ɓ, haka y da ƴ ta rubutun Nijar. Teburin haɗawar daga bayanan Unicode aka gina shi, inda à take a da alama a kanta, ƙ kuwa harafi ne mai zaman kansa, lambarsa 0199, ba a rarraba shi zuwa k da wani abu. A fayil da aka tattaro daga hannu daban-daban, wani ya rubuta "ƙasa" wani "kasa", rabin sakamakon zai ɓuya. Maganin shi ne ƙara su da hannu cikin char-fold-include, wanda ya samu tun siga ta 27. In kibod ɗinka ba ta da haruffan, C-x 8 RET (RET shi ne Enter) sannan 199 yana saka ƙ cikin layin bincike, 257 ya ba da ɗ, 253 ya ba da ɓ.

Hattara ɗaya: M-% daga cikin Isearch yana wucewa kai tsaye zuwa nema da canzawa. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa ba kalma ɗaya ba ne. Kashe haɗawar da M-s ' kafin ka shiga canji, kuma kada ka danna ! mai canza duka sai ka duba jerin da M-s o ke fitarwa, wanda ke nuna kowane layi da kalmar ta fito.

In aka gwada da Vim

Vim, wata manhajar gyaran rubutu, ya fi sauƙin hali a nan. Da saitin incsearch a kunne, maɓallin bincikensa, /, yana nuna maka inda za a sauka kana rubutu, amma layin akwati ne na gaske: Backspace harafi yake gogewa, Esc ya mayar da kai, ba ka matsa da gaske ba sai ka danna Enter. Ctrl-G da Ctrl-T suna tsallakawa gaba da baya kafin Enter. Nasa abin mamakin daban ne. Tun Vim 8.0 na 2016, incsearch yana kunnuwa ta fayil ɗin defaults.vim, wanda ake lodawa kawai idan ba ka da vimrc naka, wato fayil ɗin saitinka. Ranar da ka ƙirƙiri vimrc, ko da layi ɗaya ne a ciki, binciken harafi-harafi ya ɓace, sai ka rubuta set incsearch da kanka. smartcase, saitin kula da manyan baƙaƙe, kuma ba ya aiki sai da ignorecase, kuma bai shafi *, mai neman kalmar da tsinke ke kai, ba. Neovim, wani reshe na Vim, yana zuwa da incsearch a kunne. Wanda ke son abu marar tarko, na Vim ya fi masa. Abin da Isearch ya fi shi da shi shi ne jawo rubutu daga fayil kalma-kalma, komawa mataki-mataki, da wucewa zuwa M-s o ko M-% ba tare da sake buga komai ba.

Ƙaramin abu ga masu aiki a taminal: a bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, C-r yana neman tsoffin umarni harafi-harafi, amma C-s yakan daskarar da taga, domin taminal ɗin na ɗaukarsa a matsayin "dakatar da fitarwa". C-q ke sakinta, stty -ixon kuma ya hana faruwar hakan. Emacs yana kashe wannan da kansa idan ya buɗe, amma GNU Screen, manhajar raba taminal zuwa tagogi da yawa, na iya tare maɓallin kafin ya iso, sai an sa defflow off a saitinsa.

Saitin da ya kamata a fara da shi

Ga mai siga ta 29 ko sama, waɗannan layuka a init.el, fayil ɗin saitin Emacs, sun kawar da mafi yawan abin da aka lissafa, ban da halin Backspace da C-g, waɗanda sai sabo:

(setopt isearch-lazy-count t
        isearch-allow-scroll 'unlimited
        isearch-repeat-on-direction-change t
        search-default-mode #'char-fold-to-regexp)
(require 'char-fold)
(setopt char-fold-include
        (append '((?k "ƙ") (?K "Ƙ") (?d "ɗ") (?D "Ɗ")
                  (?b "ɓ") (?B "Ɓ") (?y "ƴ") (?Y "Ƴ"))
                char-fold-include))

Na bar isearch-wrap-pause yadda yake, domin da ƙidaya a gabanka tsayawar ƙarshen fayil ta daina ruɗarwa, ta koma sanarwa mai amfani. Haɗawar ta ɓangare ɗaya ce: k yana kamo ƙ, amma ƙ ƙ kaɗai yake kamowa, wanda shi ne abin da mai gyaran rubutu ke so. In ana son ta ɓangare biyu, a kunna char-fold-symmetric. Kuma a lura da setopt ɗin nan. Idan aka sa setq a kan char-fold-include bayan an loda char-fold, ƙimar za ta canza amma teburin ba zai sake ginuwa ba, k ya ci gaba da tsallake ƙ kamar ba a yi komai ba. A siga ta 27 da 28, inda babu setopt, customize-set-variable ne ke yin wannan aiki.